Pak Sarwono da Wankan Wuƙar Surukarsa

Kowace unguwa a Surabaya, can tsibirin Jawa, da gwaninta wanda ba wanda ya naɗa shi. Wasu nasu gwanin tseren tattabaru ne, wasu na siyasa. Mu namu rabon, Allah ya haɗa mu da Pak Sarwono, masanin wuƙaƙen yaƙi, mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba, sai dai ya riƙe ƙafafu yana kau da kai.

Duk iliminsa a silima ya samo shi. Ya yi ƙuruciya ya tsufa yana yaga tikiti a bakin ƙofa, ba fim ɗin yaƙin da bai gani ba ta tsagar labule, galibi daga tsakiya. Da ya ajiye aiki sai ya sayi kabad mai gilashi, ya shiga bin kasuwar tsofaffin kaya yana kwaso wuƙaƙe. Ba na yanka ba, a'a, irin na adon nan da hafsoshi ke ratayawa a kwankwaso ranar fareti. Kowacce ya ƙera mata tarihi. Wannan ta janar ɗin Holan ce. Waccan ta matuƙin jirgin sama ce da ya faɗo a gonar rake. Akwai wata siririya da matarsa Bu Warsini ta rantse irinta ake farke ambulan da ita a ofis, ya ce ai shi ya nuna ta 'yan leƙen asiri ce.

Mu kuwa, abin kunyar, mun yarda. Mutum ya zo da tabarau mai kauri, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da farce yana kai kunne kamar mai sayen kankana, wa zai yi musu? Ai mu muka ɓata shi da gyaɗa kai.

Wuƙar soja ɗaya ce ta gaske a lungunmu, ita kuwa ba ta cikin kabad ɗinsa. Tana can ƙarshen lungu cikin akwatin surukarsa, Mbah Ponirah. Marigayi mijinta ne ya karɓe ta daga hannun wani hafsan sojan ruwan Japan, a kwanakin da samarin gari suka tasa Japanawa gaba suna ƙwace makamai. Ƙotarta fara ce, ta fatar kifi mai ƙurji-ƙurji, an naɗe da waya siririya. Kuben baƙi ne na fata, baki da gindi tagulla mai ruwan zinariya, da ɗan fure a jiki. Abin da tsohon ya bari ke nan, sai tsohuwar hula da 'ya'ya mata.

To, a shekarar nan watan Suro, watan da kowane gida ke fito da keris ɗin gado, wato wuƙar gargajiyarmu, a yi masa wanka, ya faɗo daidai da bikin 'yancin kai. Mai unguwa ya tara mu a kan shirin biki, ana ta maganar jan igiya da hawan sanda mai maiƙo. Pak Sarwono ya miƙe ya gyara tabarau.

"Kowace shekara da wuƙar kicin ake yanke kan tumpeng, tulin shinkafar bikinmu, kamar ba a taɓa yaƙi a garin nan ba. Bana da wuƙar hafsan Japan za a yanka. A yanke tsinin shinkafar a miƙa wa Mbah Ponirah, matar gwarzo. Ni zan kawo wuƙar, ni zan yi bayaninta."

Muka yi tafi har da fito. Sai da ya zauna ya tuna bai tambayi mai wuƙar ba.

Ya same ta a baranda tana tsintar wake. Ya rusuna ya sumbaci hannunta, ya yi ta zagaye-zagaye, tana jinsa. Daga ƙarshe ta shiga ta fito da ita naɗe cikin zane, amma ba ta saki ba.

"Nak Sarwono, ɗana, kalle ni. Kada ka wanke ta. Kada ka goge ta. Kada ka shafa mata komai, ko man kwakwa."

"Haba Mbah, ni za a koya wa wuƙa?"

"Kai ɗin nake koya wa. Waninka zai ji tsoro ya bar ta."

Ya yi dariya shi kaɗai, ya karɓa da hannu biyu. Maimakon gida, sai ya zarce teburin mai kofi, don a gani. Nan ya tarar da Pak Ngadimin, maƙwabcinsa kuma abokin musunsa tun suna yara, mai keris ɗin da ake zuwa kallo daga wasu unguwanni saboda zanen da ke kwance a ƙarfensa kamar igiyar ruwa. Pak Sarwono ya zare wuƙar a hankali. Ƙarfen fari tas, sumul, sai ɗigo-ɗigon tsufa.

Pak Ngadimin ya leƙa ya taɓe baki. "Shi ke nan? Pak Sar, wannan ai cokali ne aka miƙar. Ina zanen?"

"Zanen yana ciki. Maƙeran Japan ninka ƙarfe suke yi kamar tabarma. Sai mai ido."

"To ara mini idon. Ko wanka za ka yi mata ya fito?"

"Wanka? An ce maka keris ce? Ka tambayi duk masani, wuƙar soja ba a wanke ta, tsufanta shi ne darajarta. Ranar biki zan riƙe ta a rana yadda ya kamata, za ka ga zanen da zai sa ka kai naka a yanka albasa."

Maganar rashin wankin nan gaskiya ce, wallahi, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a ranar. Da ya koma gida ya juya wuƙar a rana ta gabas, ya juya ta yamma, ya hura mata numfashi, ya kanne ido ɗaya. Ba abin da ya gani sai hancinsa. Ya zauna ya yi tagumi. Ya cika baki gaban mutane, kuma Ngadimin ba ya mantuwa. Sai zuciya ta ce masa, ƙarfe ai ƙarfe ne. Abin da ke fito da zanen keris me zai hana ya fito da na Japan? Ɗan wanka kaɗan, wa zai sani?

Duk ɗan Jawa ya san yadda ake farawa: a cire ƙota. Ƙotar keris murɗawa ake yi ta fito. Ya kama ya murɗa, ko motsi. Ya sa tsumma ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya tuna in ƙota ta kafe, kyandir ake kara mata ta saki. Ya kunna kyandir a bayan gida ya kara.

Fatar kifi dai fatar kifi ce, ko ta shekara nawa. Kafin ka ce me, ƙauri ya tashi ya bi lungu. Kyanwa ta farko ta diro daga rufi, ta biyu ta leƙo ta magudana, ta uku ta zo da 'ya'yanta. Matar Pak Ngadimin ta ɗaga murya ta kan katanga.

"Bu Warsini! Kifi ake gasawa babu tayi?"

"Ba kifi ba ne!" in ji Pak Sarwono, yana korar kyanwa da ƙafa.

"To me ya mutu?"

Daidai nan Bu Warsini ta shigo da kwandon cefane. Ta dubi kyandir, ta dubi kyanwoyi, ta dubi abin da ke hannun mijinta.

"Pak, wuƙar babana kake gasawa?"

"Bincike nake yi, Bu."

"Da gishiri ko babu?"

"Ke ba za ki gane ba. Ɗumama ta ake yi ta..."

Ya ƙara murɗawa don ya nuna mata. Ƙas! Ƙotar ta rabe biyu a hannunsa, wani ɗan turke da bai kai tsinken ashana tsawo ba ya faɗo ƙasa yana birgima. Shi ne ke riƙe da komai. Da ya tura shi da kan ƙusa, da ƙotar ta zame lafiya lau. Pak Sarwono ya ƙura wa turken ido, a ransa ya ce, Sarwono, kai jaki ne, jakin ma mai tabarau.

Bu Warsini ta ajiye kwando. "Ni ban gani ba. Ka ji? Ban gani ba, ban shigo ba, ban ma aure ka ba. Ka mayar da ita yadda take kafin uwata ta ji, in ba haka ba ka nemi wurin kwana a cikin kabad ɗinka."

Ta kwashi tukwane ta tafi gidan mai unguwa, inda mata suka tare suna aikin abincin biki. Mai hankali da nan ya tsaya. Pak Sarwono kuwa ya ce tunda ƙota ta riga ta tafi, ai gara zanen ya fito, kowa ya shagala da kallonsa. Ya samo guntun gora ya fafe, ya zuba ruwan kwakwa mai tsami, ya matse lemun tsami har yatsunsa suka yi yaushi, ya kwantar da ƙarfen ciki ya rufe.

Da ya buɗe washegari, sai ya ga farin yana tashi yana naɗewa kamar ɓawon albasa. Ashe hasken nan duk shafe ne a sama, ƙarƙashinsa ƙarfe ne irin na kowa. Amma ya ce wa kansa, yawwa, rigar ce ta fita, yanzu zanen zai samu hanya. Ya hau keke ya tafi wata kasuwa mai nisa inda ba a san shi ba, ya sayo warangan, garin dafin nan da ake jiƙawa a lemun tsami a shafa wa keris ya yi baƙi zanensa ya fito fari. Ya shafa, ya shanya. Ya sake shafawa, ya sake shanyawa, har da 'yar addu'a.

Baƙin ya fito, ba laifi. Zanen ne bai zo ba. Abin da ke hannunsa ya koma kamar gindin tukunya, dabbare-dabbare, ga jan tsatsa ta fara leƙowa ta gefe.

"Innalillahi," in ji shi. "Japanawan nan ma 'yan damfara ne."

Biki gobe. Ya ruga wurin mai gyaran keke ya sayo fentin azurfa da gam ɗin faci. Ya lafta wa ƙarfen fenti da burushin goge takalmi, ya haɗa ɓarin ƙotar da gam, ya naɗe ƙunar da ƙyalle ja da fari, launin tuta, har da ɗan tuntu. Ya ja baya ya duba. Kai, in daga nesa ne, kuma in mutum yana da ciwon ido, ta ma fi da kyau.

Sai ya jiyo takun takalmin katako a lungu, da muryar Mbah Ponirah tana gaisa da maƙwabta. Fenti bai bushe ba. Ya cusa wuƙar cikin kube da ƙarfi, ya ɗora a kan kabad, ya tsaya yana murmushi.

"Na zo ganin jikokina," in ji ta. Ta shaƙi iska. "Gidan nan warin me yake yi?"

"Keke na yi wa fenti, Mbah."

Ta dubi keken da ke jingine, tsatsa har sirdi. Ta dubi ƙyallen da ke jikin ƙotar.

"Kwalliyar biki ce," ya yi sauri ya ce.

"Hmm," in ji ta, ta wuce ciki.

Bayan ta tafi ya ja wuƙar. Ta ƙi. Ya taka kuben da ƙafa ya ja. Fenti ya kama fata, sun zama abu guda. Yana cikin haki wani tunani ya sauko masa kamar ruwan sanyi a ƙeya. Warangan! Ko yaron goye a Jawa ya san ba a kai ƙarfen da ya sha warangan kusa da abinci. Kuma da wannan ƙarfen za a yanke shinkafar da za a miƙa wa surukarsa, a gaban unguwa, bisa shawarar wani wawa. Ya tuna ko wane ne wawan, ya zauna a ƙasa daɓas.

Ya faɗa? Ya faɗa ya ce ya wanke, ya gasa, ya fasa, ya fente? Ina! Ya sake jan wuƙar, ta ƙi, sai fuskarsa ta washe. Ai Allah ya rufa asiri. Wuƙar da ba ta fita ba ta yanka komai.

Da safe aka ɗaga tuta, aka yi waƙa, aka fito da tumpeng a kan babban faifai: tulin shinkafa rawaya mai tsini, kewaye da ƙwai da soyayyar kaza da tempe na waken soya, aikin matan unguwa gaba ɗaya. Aka zaunar da Mbah Ponirah a kujerar gaba, ta sha zanenta na fita. Pak Sarwono ya fito da baƙar hula da farin safar hannu, ɗauke da wuƙar a kan matashi. Ya yi bayani mai tsawo, har da sunan jirgin ruwan da hafsan ya hau, wanda a daren jiya ma shi bai san shi ba.

Mai unguwa ya karɓa, ya yi bismilla, ya ja. Shiru. Ya gyara tsayuwa ya ja har hularsa ta karkace.

"Pak Sar, ta ƙi."

Pak Sarwono ya ɗaga hannu, ya runtse ido, ya kai kunne jikin kuben. Wuri ya yi tsit.

"Na yi zargin haka," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Wuƙar da ta ga yaƙi ba ta yarda a yanka abinci da ita. Ranta ya ɓaci. A kawo ta kicin."

Mu mutanen da muka yarda keris na iya tashi da kansa ya ƙwanƙwasa akwati, wannan ai ƙaramin abu ne. Tsofaffi suka shiga gyaɗa kai, wata mata ta ja ɗanta baya. Har an aika a ɗauko wuƙar kicin. Ya tsira! Ya tsira sarai, da mutuncinsa, har da ƙari. Abin da ya rage kawai ya rufe bakinsa.

"In ta ƙi, ta ƙi," ya ƙara, yana duban Ngadimin. "Ko ƙartin unguwar nan duka za su taru, ba mai zare ta."

Ga 'yan jan igiya tsaye a gefe, masu tuƙa keken haya, cinyoyi kamar turmi, sun shafa toka a hannu suna jiran a fara wasa.

"Kun ji fa," in ji Pak Ngadimin. "Ya ce ku ba maza ba ne."

"Ban ce ba! Ku tsaya! Haɗari ne!"

Wa ya saurare shi? Biyu suka kama kube, biyu suka kama ƙota, jama'a na ba su kiɗa da tafi. Pak Sarwono yana zagaya su yana roƙon gam ɗin faci ya saki, a karo na farko a tarihin gam ɗin faci ya riƙe. Ɓut! Wuƙa ta fito. Na ɓangaren kube suka tafi da baya suka zauna cikin bahon ruwan ƙanƙara.

Ƙarfen ya ɗauki rana yana walƙiya. Muka kaure da ihu. Pak Ngadimin ya matso ya ƙanƙance ido.

"Ikon Allah, akwai zane kuwa. Layi-layi. Pak Sar, wannan gashin da ke manne fa, shi ma na Japan ne?"

Pak Sarwono bai ji shi ba. Idonsa na kan mai unguwa, wanda ya riga ya karɓi wuƙar, ya yanke tsinin shinkafar, ya ɗora a faranti, ya rusuna ya miƙa wa Mbah Ponirah. Tsohuwa ta yi godiya, ta sa yatsu ta dunƙula loma.

Tsakaninsa da ita taku kaɗan ne, amma a cikinsu ya ga komai: kabad ɗinsa, kujerarsa a teburin kofi, gyaɗa kan da muke yi masa. Ya ga lomar ta tashi.

"Mbah, kar ki ci!"

Ya yi tsalle ya buge farantin. Ƙafarsa ta zame a ruwan ƙanƙara, ya tafi gaba ɗaya ya rungume tumpeng, fuska a ciki, ƙwai na birgima ta ko'ina. Ya ɗago da shinkafa a tabarau yana ihu.

"Dafi ne! Warangan! Na wanke ta! Kada kowa ya taɓa! Ku kori kajin nan!"

Kajin unguwa sun riga sun yo ca. Sai ga masanin wuƙaƙen yaƙi a kan gwiwa, da farin safar hannu, yana kokawa da zakara a kan loma ɗaya.

Matan da suka yini biyu a bakin murhu suka yo kansa da ludaya. Bu Warsini ta rufe fuska da gyale tana cewa ita bazawara ce. Pak Ngadimin ya yi dariya har ya riƙe sandar tuta. Mu da muka tafa masa ranar taro muka fi kowa ɗaga murya, kowa na rantsuwa shi dama tun farko bai yarda da mutumin nan ba.

Mbah Ponirah kuwa ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta wanke hannunta a hankali, ta miƙa shi ga mai unguwa, ya ba ta wuƙar. Ta warware ƙyallen. Ƙotar ta buɗe a cinyarta, baƙa, ƙonanna, gam na zarara. Hayaniyar ta mutu da kanta.

Pak Sarwono ya rarrafo ya durƙusa gabanta.

"Me ya sa ka buge mini faranti?" ta tambaya.

"Da kin ci da kin mutu, Mbah."

"To, alhamdulillahi. Ashe akwai abu ɗaya da ka sani game da wuƙa."

Aka yi 'yar dariya, shi ma ya yi, da shinkafa a gira. Ya fara murmurewa, har ya buɗe baki zai ce akwai wani maƙeri da ya sani wanda zai mayar da ita sabuwa fil. Sai ya ga ta karɓi kuben daga hannun ƙartin nan, ta kai bakinsa hancinta, ta shaƙa, ta daɗe.

"Cikin akwati ɗaya yake ajiye ta da tabarsa mai kanumfari," ta ce, ba da kowa take ba. "Tun da ya rasu, in kewarsa ta dame ni, nan nake buɗewa in ji ƙamshinsa."

Ta sake shaƙa.

"Fenti," ta ce.

Ta tattara guntayen cikin zanenta, ta ƙulle, ta miƙe. Mutane suka dare suka ba ta hanya. Pak Sarwono yana nan durƙushe cikin shinkafa, har takun takalminta ya ɓace a ƙarshen lungu.